Kwalbar da likita bai gani ba

A sati na huɗu da fara yi wa kawuna gashi a wuya, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, wata ma'aikaciyar jinya ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ɗora fayil ɗinsa a kan cinyarta ba ta buɗe ba. Gwajin jinin da aka yi masa da safe ya nuna ƙodarsa ta fara gajiya. Ta ce, "Baba, ba faɗa zan yi muku ba. Ban da magungunan da muke ba ku, me kuke sha a gida?" Kawu ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, don na san amsar tun sati uku da suka wuce. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalbar roba cike da baƙin ruwa mai kauri, babu takarda a jikinta, babu suna, babu ranar da aka haɗa. Cokali biyu da safe, biyu da dare. Wani tsohon abokinsa ne ya kawo masa, ya rantse cewa wani mai irin ciwonsa ya sha ya warke sarai.

Ciwon dajin maƙogwaro ke damun Kawu. Ranar da aka fara gaya mana sakamakon gwaji, likitan da ya duba shi, mutum mai ƙoƙari wanda har gobe nake gode masa, ya rufe bayaninsa da cewa, "Kuma don Allah kada in ji an sha wani tarkace." Daga wannan kalma ta tarkace ƙofa ta rufu. Kawu bai daina sha ba, ya dai daina faɗa. Tun lokacin nake juya maganar a raina, kuma inda na tsaya shi ne: shan magungunan da ba na asibiti ba tsakanin masu ciwon dajin kai da wuya abu ne da tsawa ba za ta hana ba, kuma mafi yawan ɓarnar da yake yi a ɓoye yake yin ta, cikin shirun da ke tsakanin mara lafiya da likitansa. A wannan shirun asibiti yana da nasa kaso na laifi, mu masu jinya ma muna da namu.

Idan aka ce dajin kai da wuya, ana nufin wanda ke fitowa a baki, harshe, dasashi, ganɗa, maƙoshi, maƙogwaro, cikin hanci, ko inda ake samar da yawu. Kusan mutum dubu 900 yake kamawa a duniya duk shekara, kuma kusan rabin wannan adadi ne ke rasuwa. Taba da giya su ne manyan masu jawo shi, sai ƙwayar cutar HPV wadda ta sa dajin gindin harshe ya ƙaru a ƙasashe irin su Amurka da Ingila har a jikin waɗanda ba su taɓa sa sigari a baki ba. Abin da ya raba shi da sauran ire-iren daji shi ne ba ya ɓuya a ƙarƙashin riga. Yana kan fuska, yana cikin murya, yana cikin kowace loma da mutum zai haɗiya. Duk wanda ya zo dubiya yana ganinsa da idonsa, saboda haka duk wanda ya zo dubiya likita ne. Wannan ya zo da gari, wancan ya zo da sassaƙe, ɗan ƙaramin cikinsu ya miƙo waya ya ce a kalli wani bidiyo.

Maganin asibitin kuma, a faɗi gaskiya, azaba ce. Kafin a fara gashi sai an jiƙa wata ragar roba a ruwan ɗumi, a lulluɓa wa mutum a fuska da kafaɗu har ta sandare ta ɗauki siffarsa. Kullum da wannan takunkumi ake ɗaure kansa a jikin gadon na'ura don kada ya motsa ko da ƙwayar zarra. Kwana biyar a sati, sati bakwai, zama 35. Idan ciwon ya yi nisa a haɗa da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ke bin jini, galibi wani magani mai suna sisfilatin da ake ɗurawa ta jijiya duk bayan sati uku. Zuwa sati na uku baki ya fara salewa. Yawu ya kafe ko ya koma kamar danƙo, ɗanɗano ya gudu, fatar wuya ta yi duhu ta fara ɗayewa. Na ga Kawu ya riƙe kofin ruwa kusan minti goma yana tara ƙarfin zuciyar da zai kurɓa. Mutumin da ke cikin wannan hali, wanda kullum ya je asibiti sai ya dawo ya fi jiya jin jiki, idan aka miƙo masa kwalba aka ce wannan ba ta ƙuna, ba ta zubar da suma, kuma daga itace aka samo ta, me ake zaton zai yi? Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma ba tsiraru ba ne. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya tambayi masu ciwon daji 956 a ƙasashe 14 na Turai da kewayenta, ya sami sama da kashi ɗaya cikin uku suna amfani da wani magani na daban bayan na asibiti. Wani nazarin na 2012 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna adadin yana hawa: daga kimanin kashi 25 cikin ɗari a shekarun 1970 da 1980 zuwa kusan rabi bayan shekarar 2000. Wannan fa a ƙasashen da ke da asibitoci da inshora ke nan. Da yawansu ba sa gaya wa likita, kuma dalilin da ya fi maimaituwa a bakinsu shi ne ba a tambaye su ba.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ke sa gardamar ba ta ƙarewa. Akwai wanda ke shan wani abu a matsayin ƙari, yana kuma zuwa asibitinsa. Akwai wanda ya ɗauke shi madadi, ya juya wa asibiti baya. Na biyun nan ba ni da wani sassauci a kansa. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi sawun mutum 281 da suka zaɓi maganin madadi kaɗai alhali dajinsu bai bazu ba, suka kwatanta su da mutum 560 da suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka na biyun sau biyu da rabi. A 2018 suka sake fitar da wani binciken a kan masu haɗa biyun, suka ga su ma haɗarinsu ya ninka sau biyu, amma da aka tona sai aka ga inda gizo ke saƙar: masu haɗawar sun fi yawan ƙin wani ɓangare na maganin asibiti. Sama da rabinsu sun ƙi gashi, a ɗaya rukunin kuwa kashi biyu kacal cikin ɗari ne suka ƙi. Dajin nono da na ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate) da huhu da hanji aka duba a waɗannan binciken, amma ban ga dalilin da zai sa na wuya ya fi su rangwame ba, shi da yake cikin masu saurin girma.

Lokaci shi ne abin da kwalba ta fi sata. Dajin da ya tsaya a kan jijiyar murya yana ƙarami, idan aka kama shi da wuri, kusan tara cikin goma ana warkar da su, sau da yawa da gashi kaɗai, mutum ya tsira da muryarsa. Alamar farko kuwa ba ta da wani ban tsoro: dishewar murya da ta wuce sati uku, ko gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a wuya wadda ba ta zafi. Muryar Kawu ta yi wata biyar a dishe. A cikin watannin nan babu abin da bai kurkura ba, babu turaren da bai yi ba, kuma kowane sabon magani sai an ba shi sati biyu ko uku "a ga yadda zai yi". Kafin a zura masa na'urar hangen maƙogwaro ta hanci, abin ya riga ya sauka cikin kaluluwar wuyansa, shi ya sa aka haɗa masa da kemo. Ko bayan an fara gashi ma lokaci bai daina ƙirga kansa ba. Likitocin gashi sun daɗe da sanin cewa a dajin kai da wuya, duk ranar da aka tsallake tana rage damar shawo kan ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, domin ƙwayoyin da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa a tsakiyar magani. Wanda ya ce bari ya huta sati biyu ya gwada na wani mai magani, ya dawo idan bakinsa ya yi sauƙi, bai san abin da ya bayar ba.

To, shi kuma mai ƙari fa, wanda bai fasa zama ko ɗaya ba? Nan ne mutane ke cewa, "Ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Labarin da ya fi girgiza ni a kan wannan ba ma na ganye ba ne, na bitamin ne, wanda ake sayarwa cikin kwalba mai tsabta da rubutu a jiki. A lardin Kwibek na Kanada an yi gwaji a kan mutum 540 masu dajin kai da wuya a matakin farko, dukkansu ana yi musu gashi. Aka ba rabinsu bitamin E kullum, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta. Likitoci ne da kansu suka tsara shi, da kyakkyawan zaton cewa bitamin ɗin zai rage ƙunar gashi ya kuma hana wani dajin fitowa. Da sakamako ya fara fita a 2005 da 2006, sai ga shi waɗanda suka sha bitamin sun fi yawan mutuwa, kuma da aka ƙara bincike aka ga abin ya fi tsanani a kan masu shan taba a lokacin gashi. Bayanin da aka fi karkata gare shi mai sauƙin ganewa ne. Gashi yana kashe ƙwayar daji ta hanyar haifar da wasu sinadarai masu ƙuna a cikinta, bitamin E kuwa aikinsa dakushe kaifin irin waɗannan sinadarai, kuma bai san bambancin lafiyayyar ƙwaya da ta daji ba. Idan abin da masana suka zaɓa da hannunsu zai iya juyewa haka, ina ga baƙin ruwan da ba wanda ya san abin da ke cikinsa?

Hanta da ƙoda su ne ke karɓar duk abin da aka zuba. Akwai wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa da Turawa ke kira St John's wort, ana shan sa don damuwa da rashin barci. Yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da magunguna da sauri, har an auna an ga yana rage ƙarfin wasu magungunan kemo a cikin jini, ciki har da dosetaksel da ake ba masu dajin wuya. A Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata sama da ɗari suka kamu da ciwon ƙoda, da yawansu har ƙodar ta mutu, saboda wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar tsiron aristolokiya bisa kuskure, wasunsu daga baya suka kamu da dajin hanyar fitsari. A birnin Boston, wani bincike na 2004 ya auna magungunan gargajiyar Indiya guda 70 da aka saya a shaguna, aka sami dalma ko zaiba ko wani ƙarfe mai guba a cikin 14. Shi kuma sisfilatin dama can mai wahalar da ƙoda ne, ga mara lafiya ba ya iya shan ruwa saboda baki ya sale. A kan Kawu, ba zan ce kwalbar ce ta taɓa masa ƙoda ba, domin kemo da ƙarancin ruwa kaɗai sun isa. Abin da ya faru shi ne likitoci sun rasa yadda za su raba ɗaya da ɗaya, aka fasa ba shi kemo na ƙarshe don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Da an san da kwalbar tun satin farko, da aƙalla an cire ta daga lissafi.

Wani abin da ba a ɗauka magani ba amma yake ɓarna shi ne ƙa'idojin cin abinci da ake yaɗawa a intanet, irin su a daina duk wani abu mai zaƙi don a kashe daji da yunwa, ko a koma shan ruwan ganye zalla. Mai dajin wuya dama rama yake yi ko ba a hana shi komai ba, har wasu sai an sa musu robar abinci ta hanci ko ta ciki. Idan ya rame da yawa, takunkumin nan da aka gina daidai fuskarsa sai ya yi masa yawa, kansa ya riƙa motsi a ciki, dole a sake awo a sake tsara gashin. Ga kuma tafarnuwa mai yawa da ire-irenta da ke tsinka jini, waɗanda likitocin tiyata ke son a daina sati biyu kafin aiki. Ga masu shafa wani baƙin man da ke cin fata a kan kumburin wuya, su ga nama ya ruɓe ya faɗo su ce daji ya fita, alhali saiwarsa tana can ciki.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa itace dariya, kuma likitan da ke yi bai san tarihin aljihunsa ba. Filokafin, ƙwayar da ake ba wanda gashi ya busar wa da baki don yawu ya dawo, daga ganyen wani tsiro na Birazil aka samo ta. Faklitaksel, wani maganin kemo, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara fitar da shi. Zuma ma, ƙungiyar masana da ke tsara ƙa'idojin kula da salewar baki ta duniya ta ambace ta a 2020 cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga waɗanda ake yi wa gashi a kai da wuya, ko da yake wasu gwaje-gwajen ba su ga amfaninta ba, kuma bakin da ba yawu haƙoransa saurin ruɓewa suke yi idan zaƙi ya zauna musu. Tsira siraran allurai irin na Sinawa an gwada shi a kan mutum sama da 300 a Amurka da Sin, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ya rage bushewar baki idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Addu'a, tausa, motsa jiki, zama da waɗanda suka bi ta wannan hanya suka fita, duk waɗannan suna riƙe mutum ya kai zama na 35, kuma kaiwa zama na 35 ɗin shi ne warakar. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe daji. Abin da ya raba filokafin da kwalbar Kawu shi ne an auna shi, an san yawan da ke taimako da yawan da ke cutarwa, an san wanda bai kamata ya sha ba.

Shi ya sa nake ganin gyaran farko a ɗakin likita yake. A riƙa tambaya, kuma a yi ta yadda nas ɗin nan ta yi, a zaune, ba tare da an ɗaure fuska ba, a sake yi kowane sati domin amsar satin farko ba ita ce ta sati na huɗu ba. A ce wa mutum ya kawo duk abin da yake sha a leda a zube a tebur. Wanda ba shi da illa a bar masa, don ya ji cewa shi ma yana da hannu a cikin neman lafiyarsa. Wanda ke da haɗari a gaya masa dalili da harshen da zai gane. Wanda ba a san ko mene ne ba a roƙe shi ya ajiye har a gama gashi. Na san amsar da likitoci za su bayar, cewa mutum hamsin na jira a waje, ina lokacin hira? Gaskiyarsu ne, amma tambayar nas ɗin ba ta ci minti uku ba, kemon da aka fasa kuwa ba ya dawowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai mai wankan ya nuna ba dariya zai yi ba.

Masu sayarwa kuwa kashi biyu ne a wurina. Akwai mai maganin da idan ya ga kumburi ya ƙi sauka zai ce a tafi asibiti, wannan ya fi ƙarfinsa. Irin wannan abokin aiki ne, kamata ya yi asibitoci su neme shi su koya masa alamomin nan na sati uku, tunda sau da yawa shi ake fara zuwa wa. Akwai kuma wanda ke ɗaukar bidiyo yana cewa yana warkar da daji cikin kwana arba'in, kuma sharaɗinsa kada a bari a yi gashi ko a yanka. Wannan bai kamata a kira shi mai maganin gargajiya ba ma, hukuma ce ya dace ta yi magana da shi, haka kamfanonin da ke barin tallansa yana yawo a shafukansu. Wani zai ce ai mutum yana da 'yancin zaɓar abin da zai sa a jikinsa. Yana da shi, ban musa ba, har da 'yancin ƙin maganin asibiti baki ɗaya. Amma zaɓin da aka gina a kan ƙaryar wani ba zaɓinsa ba ne. Sannan kada mu manta sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki, amma akwai ƙasashe da dama da babu na'urar ko ɗaya, wasu kuma akwai ta amma layin watanni ne, ko kuɗin ya fi ƙarfin gida. Wanda aka ce wa ya dawo bayan wata uku ba zai zauna ya naɗe hannu ba, kuma ban ga bakin da za a zarge shi da shi ba.

Nawa laifin ban manta da shi ba. Sati uku ina wanke cokalin nan ina shiru, don ina jin nauyin in tona asirin babba a gaban baƙo, kuma don a can ƙasan raina ni ma ina cewa wa ya sani, ko a dace. Kunya ce da son zuciya suka haɗu, na sa musu suna ladabi.

Kawu ya gama zamansa 35. Muryarsa ta dawo da ɗan kaushi, bakinsa kuwa har yau bushewa yake, ko'ina za shi da gorar ruwa a hannu. Watannin baya na raka shi asibiti a duba shi, muna zaune a layi kusa da wata mata da mijinta, wuyansa duk ya yi duhu irin na wanda ya kai sati na biyar. Na ga ta buɗe jaka ta tsiyaya masa wani abu ruwan ƙasa a murfin fulas, ta kare da mayafinta. Kawu ya gyara murya ya ce, "'Yata, likita ya san da wannan kuwa?"

Ta rufe fulas ɗin a hankali ta ce, "Baba, ai bai tambaya ba."